Buɗe fayil kai tsaye daga LibreOffice ko bi ta FileZilla?

A birommu nan Damagaram mun sha fama da wannan abu, saba (kwamfutar da ake ajiye fayiloli a kanta) ta FTP (hanyar turawa da ɗauko fayiloli ta rezo) tana can, kai kana nan da takarda a hannu amma ta ƙi shiga. Hanya biyu muka gwada.

Ta farko, ka buɗe fayil ɗin kai tsaye daga cikin LibreOffice, manhajar rubuta takardu, ka gyara ka adana. Da daɗi wallahi in rezo na da kyau, amma ranar da ta ƙi sai ta ce maka an kasa haɗawa kawai, ba bayani, ba ka san ko kalmar sirri ce ko rezo ne ba. Kuma tun fitowar LibreOffice 24.2 a 2024 sun cire FTP ɗin daga cikinta gaba ɗaya, wani abokin aikina ya wuni yana sake rubuta adireshi, ashe ba laifinsa ba ne.

Ta biyu, FileZilla, manhajar turawa da sauke fayiloli daga saba, ita kuwa kyauta ce kuma tana nuna maka duk abin da ke gudana a saman allo layi-layi. In ka ga lamba 530 a layin, to suna ko kalmar sirri ne ba daidai ba. Ka ga 425, ka shiga amma hanyar ɗauko fayil ce aka toshe, yawanci katangar tsaro (firewall) ce, sai ka koma yanayin passive a saitin FileZilla. In SFTP ce (hanyar tura fayil mai tsaro), lambar ƙofa (port) 22 za ka sa, ba 21 ta FTP ba. Kuran ya ɗauke ana tsakiyar turawa ma tana iya ɗorawa daga inda ta tsaya.

Wahalarta ɗaya, sai ka sauke, ka gyara, ka sake turawa. Ni dai ita nake bi yanzu.