Ranar da Lauya Ta Ce In Jira a Waje

Shekara tara ke nan ina Ingila. Da Turancin nan nake aikin kula da tsofaffi, da shi nake faɗa da mai gidan haya. Amma wata Talata, cikin sanyin Janairu, wata lauya a Birmingham ta dube ni da murmushi ta ce in ɗan jira a waje. Ni da na kawo yarinyar! Ni na biya kuɗin bas, ɗanta ma a bayana yake.

Yarinyar 'yar Katsina ce, da bizar aure aka kawo ta. Shekara biyu mijin ne bakinta. Ko asibiti suka je shi ke fassara, ta ce haƙarƙarinta, ya ce wa likita santsin banɗaki ne ya kwashe ta. Da tura ta kai bango, ƙofata ta ƙwanƙwasa da asuba, takalmi ma wari da wari.

Na ce wa lauyar ba sai an wahala ba, harshenmu ɗaya. Ta ce ba sa fassara da dangi ko ƙawaye, yara kuwa ko kusa, za a kira tafinta na ainihi. Na koma benci ina tafasa, ga wani shayi a kofin takarda mai kama da ruwan wanke-wanke. A Kano wa zai tashi babba daga maganar 'yarsa?

Kada ku ɗauka komai nasu a tsare yake. Tafintan farko da kamfanin fassara ya haɗa ta waya Bayarabe ne, don wani ya ga Najeriya a takarda ya ɗauka duk bakinmu ɗaya. Na biyu Bahaushe ne, amma namiji. Tana jin sallamarsa ta ɗinke baki. Hausawan garin nan mu nawa ne? Suna ɗaya ke tara mu, idi ɗaya, zauren WhatsApp ɗaya. Wa ya sani ko sahu ɗaya suke da mijin ranar Juma'a? Lauyar ta lura, ta katse wayar, ta nemi mace kuma daga wani gari. Sai da muka yi kwana shida muna jira, yarinyar tana kwana a falona, ko motsin mota ta ji sai ta leƙa labule.

Ta ukun mace ce mai kirki, Hausarta irin ta zangon Kumasi, layin kuma yana ta ƙarce-ƙarce. Yarinyar ta ce, "Ya shaƙe ni har sau uku." Abin da ya shiga takarda: ya sake ta har sau uku. Lauya ta kama tambayar ko a masallaci aka ɗaura auren, ko an rubuta sakin. Abin da ya ceci maganar shi ne ba a sa hannu a bayanin shaida sai an karanta wa mai shi, layi bayan layi, da harshenta. Da aka zo wurin ta ce a'a, ta kai hannu biyu ta kama wuyanta. A dokar nan, tun watan Yunin 2022 shaƙe mutum laifi ne mai zaman kansa, ko bai bar tabo ba, ɗaurinsa na iya kai shekara 5. Saura ƙiris a mai da shi rigimar saki.

Su ma sai da suka ƙone suka san wuta. A garin nan, a 1981, aka yanke wa wata 'yar Pakistan, Iqbal Begum, ɗaurin rai da rai kan kashe mijinta da ta daɗe tana shan azabarsa. Ta amsa laifi ba ta san me ta amsa ba, don tafintan da aka ba ta ba harshenta yake ji ba. Sai 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Irin wannan ne ya kai ga buɗe rajistar ƙwararrun tafintoci ta ƙasa a 1994. Sai dai a Hausa masu takardar ƙwarewa ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa muke ta wannan kame-kame.

Inda dole in sara musu shi ne kotu. Neman umarnin hana mutum kusantar matarsa ko tsangwamar ta ba a biyan ko sisi, kuma alƙali na iya saurarenta da gaggawa tun mijin bai sani ba. In ya karya umarnin, kamu ne. Ranar zama na biyu kotu ce ta kawo tafinta, wata dattijuwa ta taso tun daga Landan a jirgin ƙasa, da ɗan littafinta da biro. Ba ta yarda ta zauna hira da mu ba, gaisuwa kawai, abin har ya ɗan sosa min rai. Yarinyar ta ce a ciki matar ba ta cewa "ta ce", sai dai "ni", kamar ita aka daka, kuma ko tsakin da mijin ya yi da baƙar maganar da ya jefo da Hausa sai da ta juya wa alƙali. Batun biza kuma, wanda da shi yake tsorata ta kullum, ashe akwai izinin wata uku da ake ba irinta ta samu tallafi, ta nemi zaman dindindin ba da sa hannunsa ba.

A bas muna dawowa ta ce, "Anti, kada ki ji haushi. Da kina ciki da ban faɗa ba. Akwai na ɗaki, wanda ba zan iya buɗe baki a gabanki ba."

Na yi shiru. Don na san jimlar da na tanada tun a hanya ranar farko: sun ɗan samu saɓani ne. Da ita zan buɗe. Da na rage nan, na rufe can, na sa "amma yana da kirki in ba ransa ya ɓaci ba". Haka muka tashi muka ga ana yi. Mace ta yi yaji da kumburarren ido, kawu ya kai maganar zaure, kafin ta isa kunnen mai unguwa ta koma "'yar hatsaniya irin ta harshe da haƙori". Sashe na 36 na tsarin mulkinmu na Najeriya ya ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta, madalla, amma bai ambaci wadda aka daka ba. Bafulatanar ruga da ba ta jin Hausa sosai, in ta zo kai ƙara, duk wanda aka gani a baranda shi ake yafitowa, ko ƙanin mijin ne.

Duk da haka wani lokacin sai gida ya faɗo min. A can da tana ɗakin uwarta, ana gasa mata jiki da ruwan zafi, ƙanne na ɗauke mata yaro. A nan tana wani gidan fakewa da ko ni ba a gaya wa adireshinsa ba, ita kaɗai da na'urar ɗumama ɗaki.

Shekaranjiya mahaifiyarta ta turo min saƙon murya daga Katsina, minti bakwai. Wai don Allah Hajiya, tunda ke kike jin Turancinsu, ki je ki gaya wa Baturiyar nan a kashe maganar, abu ne na cikin gida. Na gaishe ta, na tambayi ƙafarta. Na ce Mama, ni ko ɗakin ba a bari na shiga.