Feshin hana ruwa: abin da na gani bayan damina guda

Ruwan Agusta a Jos ba ya sallama. Ka fito rana tsaka, kafin ka kai shataletale hadari ya haɗu. Ni kuma a kan mashin nake zuwa aiki, jakar goyo a baya, takardun jarrabawar yara a ciki. Bayan da na shanya takardun aji guda a falo, uwargida tana min dariya, na shiga wani shagon takalma na sayi gwangwanin feshin nan da ake cewa yana hana ruwa kama yadi. Kuɗinsa ya kusa na man mashin na kwana uku. Mai shagon ya ce, "Malam, ka fesa sau biyu, ka bar shi ya kwana."

Haka na yi wa jakar da takalmin kambas ɗina. A waje na fesa, kuma kowa ya yi hakan, don warinsa yana hawa kai.

Washegari na ɗebo ruwa a buta na tsiyaya. Wallahi sai da na kira yara su gani. Ruwan ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo, yana mirginawa kamar zaiba, ya gangara ƙasa ya bar jakar a bushe ƙamas. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, irin na ganyen gwaza!" Ta kuwa faɗi daidai. Ganyen gwaza da ake gani sumul, a madubin ƙara girma cike yake da ƙananan ƙuraje lulluɓe da kaki. Ɗigon ruwa a kan tsinin ƙurajen yake zama, iska na ƙarƙashinsa, ba ya taɓa ganyen sai kaɗan. Feshin ma dabararsa ke nan: yana lulluɓe zaren da abin da ruwa ba ya so, kaushin saƙar kuma ya riƙe iskar. Wasu masana biyu a Ingila, Cassie da Baxter, sun yi bayanin wannan tun 1944, kuma a cibiyar binciken ulu ta birnin Leeds suke aiki, wato su ma yadi ne ya kai su.

A ruwa mai ƙarfi, wanda ake zubawa kamar da bakin ƙwarya, jakar ta fitar da ni kunya fiye da sau goma. Inda na fara ganin gazawarsa shi ne a yayyafi.

Wata rana na iso makaranta da 'yan ɗigo-ɗigo a saman jakar, na ajiye ta ban kakkaɓe ba. Na ɗauka nan da nan za su bushe. Ina! Rigata da ta jiƙe ta riga su shan iska. Dalili kuwa, ruwan da ya bazu fili yake ba iska, shi ko wanda ya dunƙule ɗan waje kaɗan ya bari, sai ya daɗe yana ƙafewa. Da na dawo daga aji na karkata jakar, sauran ƙananan ɗigon suka ƙi motsi, sun manne. Yayin da ɗigo ke raguwa, matsin da ke cikinsa ƙaruwa yake, har ya kai ya nutsa tsakanin zaren ya kori iskar da ke ɗauke da shi. Daga nan ba mirginawa. Ya bushe a wurin, ya bar duk ƙurar da ya kwaso. Baƙar jakata ta yi ɗigo-ɗigon fari kamar zabuwa. Tun ranar, da na sauka daga mashin sai na girgiza ta sau biyu, shi ke nan babu tabo.

Raɓa ma ta fi ƙarfinsa. Na manta takalmin a tsakar gida ya kwana, da asuba na same shi da danshi, don ita raɓa ba daga sama take faɗowa ba, a cikin saƙar take taruwa.

Takalmin dai asarar feshi na yi. Inda ƙafar hagu ke taɓa giyar mashin, mako biyu bai cika ba ruwa ya fara shiga, gogayya ta cinye rufin. Sannan yarona, don neman albarka, ya wanke min shi da garin sabulu da buroshi. Da na zuba ruwa, ya shanye shi kamar soso. Ɗinki da zif ɗin jaka su ma feshin bai toshe su ba, shi ya sa har gobe takardun a cikin leda nake sa su kafin su shiga jaka.

Wanda zai saya don jaka, hula ko lema da ta fara yoyo, ya saya, ya sake fesawa bayan kowane wanki. Don takalmin ɗan mashin kuwa, gara ya ƙara kuɗi ya sayi na roba. Abin da ya rage a gwangwanin uwargida ta riga ta ƙwace, wai za ta gwada a kan kujerun falo saboda shayin yara.