Na'urar cika ruwa a tankin murjani: ta yi, amma a kula da jarka

Duk mai kiwon murjani, halittar nan mai rai ta cikin teku, a tankin gilashi a nan Jidda ya san yadda ruwa ke ƙafewa. Iyakwandishan ba ya hutawa, iskar ɗaki a bushe take, ruwan sai ya yi ta tafiya ya bar gishirin. Murjani kuwa abin da yake so shi ne gishiri ya tsaya a kashi 35 cikin 1,000, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Hawa da sauka ne ke kashe shi. (Masu ɗebo ruwan teku daga gaɓar Abhur ta nan Jidda su sani, gishirin Bahar Maliya ya kai wajen kashi 40 cikin 1,000, murjanin da aka kawo daga Indunusiya bai saba da haka ba.)

Shi ya sa na sayi na'urar da ke cika ruwa da kanta. Ɗan famfo ne a cikin jarka, sai wani ɗan toto mai yawo a kan ruwan tanki. Ruwa ya ragu, toton ya sauka, famfo ya tashi. Haɗa ta ba wuya, ba ta da ƙara, kuma tun da na sa ta ma'aunin gishiri ya daina rawa. A nan kam ta biya kuɗinta. Tataccen ruwa marar gishiri ake zuba mata, ban da na famfo, don ko ɗan burbushin tagulla daga bututu ya isa ya hallaka murjani.

Matsalar tana wajen toton nan. Kamfanin bai yi masa murfi ba, bai kuma sa abin da zai kashe famfo in ya daɗe yana aiki ba. Wani dare katantanwa ta hau kansa ta danne shi, famfo ya yi ta aiki har jarka ta ƙare. Da safe na tarar da murjanin masu laushi sun tsuke kamar yatsun da suka daɗe a wanki, ruwa ya kusa bakin gilashi. Abin da ya cece su ƙanƙantar jarkar ne. Lita 10 a kan lita 300 ta sauko da gishiri zuwa kusan 34 kawai. Da duro mai lita 60 ne, da ya faɗo 29, ga ambaliya a falo kusa da wayoyin lantarki.

Kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Zafi ba ruwanta da shi: tanki na son digiri 24 zuwa 26, in ya daɗe a 30 murjani sai ya yi fari. Haka in wuta ta ɗauke, iskar cikin ruwa ke fara ƙarewa, wannan aikin famfon iska mai batir ne.

Zan ce a saya, amma a nemi mai abin gane tsayin ruwa guda biyu, a yi wa toton kejin roba, a riƙa wanke masa ɓawon gishiri da ruwan khal duk wata.