Gargaɗi: masu yi wa fandisho "allura" sun shigo unguwanni

Jama'a, musamman masu tsofaffin gidaje a cikin birnin Kano da kewaye, a yi hattara. Akwai wasu da ke bin lunguna da zarar damina ta ɗauke, suna leƙen bangon mutane, inda duk suka ga tsaga sai su yi sallama. Haka suka shiga gidan mahaifiyarmu, kuma har yau raina bai huce ba.

Su biyu ne, da hular kwano da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi. Babban ya ce shi injiniya ne. Ya manna wata 'yar na'ura a bangon ɗakin Hajiya, ta yi ƙara, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, ɗakin nan ba zai ga wata damina ba. Don Allah kar ki ƙara kwantar da yara a ciki." Tsohuwa da jikoki cike da gida, ina za ta sa kanta? Ya ce akwai sinadari daga waje da ake yi wa fandisho allura da shi, saura kaɗan ya ƙare, sai ta ba da rabin kuɗi kafin alƙalami a ranar. Adashen da ta kwasa ta miƙa musu, ba ta ko jira mun dawo daga kasuwa ba.

Aikin kwana biyu suka yi. Sun huda ramuka huɗu a gindin bango, sun ɗura ruwan siminti, sun cushe tsagar da filasta, sun shafa fenti. Ba a cika wata uku ba tsagar ta dawo daidai inda take, ƙofar ɗakin ta koma cijewa. Lambar wayarsu a kashe.

Da muka samo injiniya na gaske, bai fara da bangon ba ma. Tambayoyi ya yi ta jerowa: ina kwatar gidan take bi, ina salga, ina indararo yake zubar da ruwa, me ke wurin kafin a gina ɗakin? Nan wani dattijon maƙwabcinmu ya tuna cewa gefen nan bakin kududdufi ne a da. Duk ɗan birni ya san kududdufan Kano ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, daga baya aka riƙa cike su da shara da ɓaraguzai ana gini a kai. Ciko irin wannan zama yake yi a hankali, in ruwa ya same shi kuwa sai ya ƙara sauri. Ga kuma bututun famfo da ya daɗe yana yoyo a ƙarƙashin daɓe ba mu sani ba. Wace allura ce za ta yi maganin wannan alhali ruwan yana ci gaba da shiga?

Ya ɗana ɗan siminti a kan tsagar ya rubuta kwanan wata, ya ce a sa ido makonni a ga ko tana ƙaruwa. Ya sa aka haƙa rami ɗaya a jikin bangon don ya ga zurfin fandishon da irin ƙasar. Sai bayan nan ya yi maganar kuɗi, a rubuce.

Ba kowace tsaga ce ta fandisho ba, kuma da wannan rashin sanin suke cin mutane. Siririya kamar gashi a jikin filasta yawanci bushewa ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ana ganinta ciki da waje. In ta wuce milimita 5, ko tana buɗewa, a nemo masani. Kuma in za a ƙara wa fandisho ƙarfi daga ƙasa, gaɓa-gaɓa ake haƙawa, kamar mita ɗaya, a tsallake, a zuba kankare ya kama kafin a taɓa na kusa. Duk wanda ya tone gindin bango daga farko har ƙarshe a lokaci guda, ku tsayar da shi, ku fitar da iyali, domin yana iya kayar da ginin a kanku.

Wanda ya ce muku shi injiniya ne, ku nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya tun 1970, ku tabbatar da ita kafin ku ba da ko sisi. Magina masu rajista kuma CORBON ce tasu. Ku ga ofishinsa da idonku, ku je gidan da ya taɓa gyarawa wanda ya ci damina aƙalla ɗaya.

Mun sanar da mai unguwa, mun kai ƙara wurin 'yan sanda. Ku gaya wa iyayenmu mata da ke wuni su kaɗai a gida, don su suka fi nema. Hajiya tana ɗakin ƙanwata yanzu, an gyara bututun, ana jiran ƙasar ta bushe a fara aikin gindin bangon.