Badukun da ya ɗunke man ƙwallon Ostireliya

Yayana da ke karatu Melbon ta Ostireliya ya aiko man tsarabar ƙwallo, ja mai siffar ƙwai, Sherrin sunanta. Sati ukku munka yi muna bugunta a filin shiyarmu, ƙasa busassa ga tsakuwa, sai ɗunki ya saki. Laifinmu na, abin da anka yi don ciyawa.

Masu facin taya duk sunka ce ba aikinsu ba ne, sai wani ya nuna man wani tsoho baduku a tsohuwar kasuwa. Ya juya ta ya juya, ya shinshina fatar, ya ce yaro wagga fatar sa ce kuma wanda ya jeme ta ya san aiki, amma mi ya sa ta yi tsawo haka, zama anka yi bisanta? Na ce a'a Baba, haka take. Da ƙahwa ake bugu, da hannu ake cahewa, mutum 18 kowane gefe, turaku huɗu, in ta bi ta tsakiya maki 6 in ta kauce maki 1.

Ban tashi ba sai da na ba shi labarin Tom Wills, ɗan wasan kurket da ya rubuta wasiƙa a jarida a 1858 yana cewa a kafa kulob na ƙwallo don kar jikin 'yan wasa ya mutu lokacin sanyi, a 1859 shi da abokanai sunka zauna sunka rubuta dokoki, shi kanai ya buga ma kulob ɗin Melbon da na Jilon, ya rasu a 1880. Duk wanga bai dami Baba ba. Sai da na ce ai Sherrin ɗin ma, wanda ƙwallon ta ci sunanai, mai ɗunkin sirdi ne a shiyar Kolinwud ta Melbon, ƙwallo anka kawo mai gyara ya sake mata fasali, sannan ya aje basilla ya ce ashe ɗan uwana na!

Aiki dai wallahi ba magana, zare biyu ya bi da shi ya shafe da kakin zuma, sai ka duba sosai za ka ga wurin. N3,000 ya amsa bayan ciniki. Matsalarshi alkawali, ya ce Laraba, sai da na yi sawu ukku cikin wagga rana ta Sakkwato kahin in samu, kuma ba ya da waya balle ka kira.

Wata biyu ke nan yara na dirkar ta ɗunkin bai motsa ba. In za ka kai mai aiki tahi da tsabar kuɗi, ba ya amsar taransifa.