Harkar taya a Dallas, da abin da filin tsere ya koya min

Yaya, ka ce in ba ka labarin taya a nan tunda sana'arka ce, to ga shi.

Ka san na sayi tsohuwar Mustang mai jan baya, da ita nake zuwa aiki, wani lokacin kuma mu gangara Ennis, kudu da Dallas, akwai filin tsere a can Texas Motorplex tun 1986 yake. Mota biyu ake jerawa, fitila na yin kore ku taka, miƙe ne sambal mita 402 ba kwana ba komai. Ranar farko da tayoyin yawona na je, na ba ta wuta sai na baya suka dinga juyi a wuri ɗaya, hayaƙi da ƙauri kawai, wani dattijo a wata akwala ya wuce ni kamar fakin na yi. Kunya wallahi.

Shi dattijon ne ya nuna min tasa, irin wadda ake ce ma drag radial, kamfanonin taya su Mickey Thompson da Nitto duk suna yi. Robar laushi gare ta, ka danna farce sai ya shiga, zanen ma ɗan kaɗan ne, amma tana da tambarin DOT, wato na ma'aikatar sufurin Amurka, don haka ana hawa titi da ita. A gefen taya akwai wata lamba da ke nuna jurewar ci, ta Nitto ɗin 100 ce, ta yawon gari kuwa sai ka ga 500 ko sama. Kafin tsere ka sace iska daga 32 ta dawo wajen 20 don ta baje a ƙasa, ka bi ta kan ruwan da suka zuba, ka murza ta ta yi zafi har ta yi danƙo kamar ƙaro. Nan fa motar ke cafkar ƙasa, ka ji an manna ka da kujera.

To ni da maƙo na ce saiti ɗaya ya ishe ni, aiki da wasa duka. Sati biyu aka kece da ruwa ina kan babban titi, bayan motar ya fara rawa ba birki na taka ba ba komai, salati kawai nake har na samu gefe. Tayar ba ta da isassun ramukan fitar da ruwa ne, kan ruwan take hawa. Ga ci kamar sabulu. Dole na nemi rim biyu na hannu na ɗaura su daban, yanzu a but nake zuba su da jak, in na je fili in canza, in zan taho in mayar.

Faci kuwa gara ku nesa ba kusa ba. Nan sai an rubuta sunanka ka zauna jira, in ƙusa ta shiga ta gefe ba mai taɓa maka, sabuwa za ka saya, kuɗin ɗauri daban, balansin daban, tsohuwar ma sai ka biya kafin su karɓa su yar. Na tuna rumfarka, minti goma an gama ana hira har da ragi.

Inda suka fi mu shi ne ba a sayen taya da ido. Bayan DOT ɗin nan akwai lamba huɗu a ƙarshe, in ka ga 2319 to sati na 23 ne a 2019 aka yi ta. 'Yan Kwatanon da ake kawo muku Ƙofar Ruwa kudar tana nan raɗau amma shekaru sun ja, wasu ma in ka duba akwai hoton dutse da ƙanƙara a jiki, na hunturun Turai ne, a ɗora su titin Zariya a watan Afrilu.

Dan Allah ka leƙa na motar Baba ka ɗauko min hoton lambar, duka huɗun da safaya.