Parliament Hill ko Aarhus: Wane Fili Ya Fi Cin Ran Mai Gudu?

Masu tseren ratsa daji a Ingila sun san Parliament Hill, tudun nan da ke Hampstead Heath a arewacin Landan, inda a wasu shekaru akan yi gasar ƙasa a watan Fabrairu. Ana busa usur sai hawan tudu, mutum fiye da dubu kafaɗa da kafaɗa, kowa na neman gaba kafin hanya ta matse. Maza kilomita 12 suke yi. Amma ba tudun ne abin tsoro ba, taɓo ne. Ruwan hunturu ya jiƙa ƙasar yumɓu, dubban ƙafafu sun kirɓa ta, har takalmi yakan maƙale mai shi ya wuce da safa. Shi ya sa wasu ke naɗe takalmansu da salatif tun kafin a tashi.

Na Aarhus a Denmark, inda aka yi gasar duniya a 2019, da gangan aka shirya masa wahala. Zagaye ne na kusan kilomita 2, da kwatamin taɓo da ruwa da yashi, sannan a hau rufin gidan tarihi na Moesgaard, wanda ciyawa ta lulluɓe, a gangaro da gudu. Sau biyar masu gudu na rukunin manya suka hau shi. Joshua Cheptegei na Yuganda ya lashe na maza, Hellen Obiri ta Kenya ta ɗauki na mata.

Ni dai Parliament Hill nake ba wa. A Aarhus ka san inda wuya take, kana iya tanadin numfashi kafin rufin. A Landan kuwa, inda ka taka lafiya a zagayen farko, kafin ka dawo ya zama kunu.